Buhun da Na Hana a Sayar

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya maigidanki da yara? Ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau.

Mun gama sussukar masara. Na ɗauki gawayi na ware buhuna yadda kike yi mana: na Ubangiji tukuna, sannan na ci, na iri, na makarantar ƙannenki. Ɗaya ya rage, na rubuta sunanki. Babanki ya ce a kai Funtua a sayo taki. Na ce ko kusa! Kuɗin motarki ne na Kirsimeti, shekara uku ban sa ki a ido ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida jikokina. Buhun na nan bayan ƙofa, kullum sai na shafa shi.

Mamarki,
Saratu