Hannun da Gwaggo Ta Ce Kada a Kalla

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakiyar rana, ruwan farko bayan dogon fari, wanda unguwa ke kira Bahago, ni kuwa zuciyata ke kiransa da sunan da bakina bai taɓa iya furtawa ba.

Gaisuwa gare ka mai yawan ganyen damina. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san halina, ko "ina wuni" sai na haɗiye yawu kafin ta fito. 'Yan matan cikin littattafan da nake haya a shagon kawunka duk masu baki ne, ni kuwa takarda ce kaɗai ba ta sa ni sunkuyar da kai.

Ina ka shige, tauraron asubata? Tun ranar da ka kawo wa Yaya littafin da ta aika a karɓo, ƙafarka ba ta sake taka ƙofarmu ba. Kana tsaye a bakin falo, ka manta hannun damanka a waje da aljihu, sai Gwaggo ta ja mayafi ta kare fuskar Yaya, wai mai ciki ba ta kallon irin wannan, kada abin da ke cikinta ya kwaikwaya. Ka ajiye littafin a hannun kujera, ka yi sallama cikin ladabi, ka fita. Yanzu in na zo shago sai in tarar da kawunka shi kaɗai, ya ce ya aike ka, alhali ga takalmanka nan a gindin benci.

Wane hannu ne ma ake karewa? Wanda ya ceci littafina ranar da ruwa ya jiƙa shi, bangon ya rabu da shafukan? Ina zaune ina kallonka ta gefen ido. Ka danne takardun da ƙaramin tafin nan, gajerun yatsun nan biyu da fata ta haɗa suka kwanta a kai kamar tsuntsu ya sauka a reshe, hagu kuma tana shiga da allura tana fita. Da ka kama ni ina kallo, ba ka ɓoye ba. Ka ce wasu sai sun nemo dutse su danne takarda, kai da naka aka haife ka. Na yi dariya har na rufe fuska da jaka. Wallahi tun ranar nake ganin duk jaruman littattafai, masu faffaɗan ƙirji da dogayen yatsu, kamar zanen alli ne a jikin allo. Na san ɓangaren ƙirjinka na dama a shafe yake, na san don haka kake sa riga mai kauri ko garin na tafasa. Ni dai ban taɓa ganin kafaɗar da ta fi taka iya ɗaukar mutunci ba.

To, saurari abin da Autarka ta yi, don yau kaina ya yi girma har ɗankwali na neman kasa shi.

Na raka Yaya asibiti awon ciki, Gwaggo ma ta bi mu. Ɗakin cike da mata a kan dogayen benci, kowa da katinta tana fifita da shi, fankar sama na juyawa kamar an tilasta mata. A bango akwai hoton jariri a naɗe cikin mahaifa. Sistar da ke yi wa masu ciki bayani ta gama, ta tambaya ko akwai mai tambaya. Sai na ga hannu a sama. Nawa ne! Ni da ko a aji ba a taɓa jin muryata ba, na miƙe, na tambaya ko kallon mai ƙaramin hannu yana sa jariri ya fito haka. Wata mata ta ce yarinyar da ko kati ba ta da shi ta fi masu cikin zaƙewa, ɗaki ya ɗauki dariya. Ban zauna ba.

Sistar ba ta yi dariya ba. Ta ce tun a makonnin farko, jariri bai fi ƙwayar wake ba, hannuwa ke tsirowa kamar toho. Akwai jijiyar da ke kai jini kafaɗa da ƙirji da hannu, kuma likitoci na ganin in jinin ya ragu a ɓangare ɗaya a wannan ɗan lokacin, tsokar ƙirji ba ta gama ginuwa, hannun kuma ya tsaya ƙarami. Ba kallo ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma laifin uwa ba ne. Na Yaya ma ya daɗe da gama yatsunsa. Sai ta ƙara wata magana da har yanzu take yi mini daɗi kamar zuma: wai kowane ɗan Adam da yatsu a manne yake farawa, daga baya suke rabuwa. Ka ji fa, masoyina. Ni, da Yaya, da kawunka, har da Gwaggo, duk mun taɓa zama da hannu irin naka. Kai ne dai ka fito da shi duniya ta gani.

Gwaggo ta taɓe baki ta ce 'yan asibiti komai sun sani. A hanya ta juyo ta tambaye ni hannun wa ke ci mini rai haka. Yaya ta mintsine ni tana ƙunshe dariya. Fuskata ta yi zafi kamar murhu, amma na faɗa mata. Na ce naka ne. Yanzu duk gidan sun sani, Yaya ba ta da aiki sai tsokanata, ni kuwa ko a jikina.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Gwaggo ba ta ce ta yi kuskure ba, wataƙila ba za ta taɓa cewa ba. Amma Yaya ta ce in gaya maka idonta nata ne, in kuma ba ka zo ba za ta turo cikinta har shago ta zauna tana kallonka sai kawunka ya kore ta. Ka zo, hasken raina. Ka zo da rana tsaka, ta ƙofar gaba, ka gaida kowa. Ba zan laɓe a kicin ba. A falo za ka same ni, kusa da inda za ka tsaya, ko muryata za ta yi rawa.

Kogi ya ƙafe, dutse ya narke, ni ba zan canza ba. Ina alfahari da kai a gaban kowa, kuma taka ce ni muddin ina numfashi.

Auta