Amanar da Kika Bar wa Yaya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Na haihu, Inna. Namiji ne, an sa masa sunan Baba, muna kiransa Halifa.

Kin tuna ranar da jikinki ya yi tsanani a gidanmu na Ƙofar Ran, kika kama hannun Yaya Bilki kika ɗora a kan nawa? Kika ce, "Ga ƙanwarki nan, ke ce uwarta yanzu." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Shi ya sa ita ta zo gidan aurena a Gubi ta yi mini wankan jego.

Bayan suna sai wani abu ya sauko mini. Yaro lafiya lau, mijina Sani sai murna yake, ni kuwa kuka nake ba dalili. Kunun kanwa ya huce a gabana ban taɓa ba. In Halifa ya tsanyara kuka sai in ji kamar ban cancanci zama uwa ba.

Wata safiya Yaya tana gasa mini jiki da ruwan zafi, na faɗa mata komai. Ta shafa kaina, ta ce maganar ta mutu a nan.

Ba a jima ba sai ga surukata da mota. Ta ɗauke Halifa daga cinyata yana cikin shan nono, wai a bar ni in huta. Sani na tsaye a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

Ƙanwar Sani ce ta ji tausayina, ta kunna mini saƙon murya da aka tura wa danginsu. Muryar Yaya ce, Inna. Tana cewa na taɓu, kada a bar ni da jariri, irin na uwarmu ne, gado ne.

Irin naki! Na je na tsare ƙanwarki, Gwaggo Lami, sai da ta faɗa mini: da kika haife ni kin yi watanni ba ki magana, Yaya ce take goya ni. Ashe ta san ciwon, ta san kin warke. Ke ma kin koya mini tuƙin tuwo da ɗaurin goyo, amma wannan kin tafi da shi kabari. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba.

Maƙwabciyata Maman Joy, ma'aikaciyar jinya, ita ta sa ni a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne da kan biyo bayan haihuwa, kuma yana warkewa. Da Sani ya ji daga bakinta, ya je ya dawo mini da ɗana. Amma kafin nan nonona ya ƙafe. Madarar gwangwani Halifa ya sha har aka yaye shi.

Yaya ta ce don yaron ta yi. Wataƙila abin da ta gani tana ƙarama ne ya tsorata ta. To me ya hana ta kai ni asibiti, ta kai ni bakin mutane? Har yau in na shiga gidan biki, akwai matan da ke janye 'ya'yansu. Ina gaishe ta, don ke. Zuciyata dai ba ta sauko ba tukuna.

Fushin da na yi da ke kam ya wuce. Yanzu ina hango ki a ɗakin nan naki, ina kwance a cinyarki, kina haɗiye kuka don kada a ce kin taɓu. Wa ya tambaye ki abin da ke damun ki, Innata? Sannu. Sannu da ɗawainiyata.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane hawayen da kika ɓoye. Ni kuma Ya wanke mini zuciya a kan Yaya, don ni kaɗai na kasa.

Taki 'yar auta,
Rabi