Idon Babana Da Ka Buɗe

Zuwa ga Altine mai hoto na Ƙofar Kware, wanda ya riga ni tafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa na ƙasa, da fatan makwancinka ya yi maka faɗi, ina sanar da kai ni ne, Bube mai fenti. Har yau ban iya rubutu ba. Ɗiyata Hajo ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don gyara shi ya raba ni da kai. Ta ce za ta sa takardar inda jama'a ke karantawa a waya. Su karanta. Ni da kai nake.

Shekaranjiya na ji a rediyo wai an yi gasar hotunan da ake yi da kwamfuta, wani ya ci, daga baya anka karɓe kyautar don ya yi wa hoton gyaran da ya wuce ƙa'ida. Suna ta ja-in-ja: ƙara haske ya halatta, share ƙura ya halatta, to sa abin da babu fa? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wagga shari'a ni na fara kai ta, tun kwamfuta ba ta zo ba, kuma anka kayar da ni.

Ka tuna zamanin soja, da arzikin mai ya buɗe. Kowane ɗan kasuwa ya sayi babbar mota, kowace mota tana son zaki da dabino a bayanta. Ni ke zanawa. Rubutun da ke goshin motar kai kake yi mini a takarda, in kwaikwaya harafi-harafi ban san me ya ce ba, sai ka zo ka karanta mini aikin hannuna. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Ina so ka sani.

Kai ka kawo labarin gasar. Ka ce an buɗe ta ga masu zane da masu kyamara duka, a kawo siffar mai sana'a a bakin sana'arsa. Kai ka karanta mini ƙa'idar a gindin darbejiyar tasha, ina wanke buroshi da kananzir: ana iya gyara haske, ana iya share dattin takarda, amma ba a ƙara abin da babu.

Na ce babana zan zana. Majemi ne, ka san shi, hannuwansa sun rine da jima har ba sa fita. Agana ta kama shi yana ƙarami, ta bar masa zanzana a fuska, ta kashe masa idon hagu. Sati uku ina binsa majema. Na zana kowane rami na fuskarsa. Na zana mataccen idon yadda yake, fari, a lumshe rabi. Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma ban sake ba.

Kai kuwa ka zo kawo mini abinci rana ɗaya, da kyamara a wuya. Ka ce, "Baba, ɗan ɗago." Ƙyas. Shi ke nan aikinka a majema.

Sauran a shagonka ka yi shi. Na san fensirin nan naka mai tsini kamar allura, da reza, da ƙaramin buroshin da ba ka bari kowa ya taɓa. Ka bi zanzanar ɗaya bayan ɗaya ka cike. Ka dubi idon dama, ka yi masa ɗan'uwa a hagu. Ranar da anka rataye hotunan a zauren gasar na tsaya gaban naka, na ga wani dattijo kyakkyawo riƙe da jar fata yana kallona da ido biyu. Sai da na duba hannuwan na gane ubana ne.

Anka ba ka na ɗaya. Babur sabo, da tafiya Ikko a jirgin sama. Nawa anka ce na uku, wai ya yi duhu.

Ni na kai ƙara, Altine. Ka sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Na shiga gaban alƙalan gasar nan uku, da malamin zane, da ma'aikacin gwamnati mai tabarau, da wani hafsan soja da ke ta duba agogo, na ce mutumin nan ubana ne kuma ido ɗaya gare shi, in suna so in kawo shi. Sunka kira ka. Ko kallona ba ka yi ba. Ka ce ba ka ƙara abin da Allah bai sa ba, ka mayar da abin da ciwo ya ɗauke ne. Malamin zane ya goyi bayana. Sauran biyun sunka ce a tashi, lokacin salla ya yi.

Mutane sun ɗauka babur ɗin ke cina. Ya ci ni, ba zan yi ƙarya ba. Duk lokacin da na ji ƙararsa ta bi ta Ƙofar Rini sai in juya wa hanya baya. Amma ba shi ba ne.

Bayan gasar na kai wa Baba nawa, kai ma ka aiko da naka a cikin gilashi. Ya dubi nawa, ya gyaɗa kai, ya ce na iya, Allah shi yi albarka. Ya ɗauki naka ya fita da shi tsakar gida inda haske yake. Ya daɗe. Ya sa yatsa a kan gilashin, daidai idon hagu, ya ce, "Haka uwata ta haife ni."

Naka ya rataye a zaure. Nawa ya ce a ajiye masa a ɗaki kada ƙura ta ɓata.

Wagga magana ita na kasa yafe maka. Sati uku ina kallon fuskar ubana, kai daƙiƙa ɗaya, amma kai ka ga abin da yake so a gani. Ni ɗansa ban taɓa tunanin yana kewar idon nan ba. Na ɗauka yadda na same shi haka yake. Ka zo gaisuwar rasuwarsa na ba ka hannu ban ba ka fuska ba. Ka aiko a kira ni lokacin da kake kwance, na ce ina da mota a hannu. Ba ni da mota ranar.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jikokin Baba sun yi yawa, daga Runjin Sambo har Kaduna, kuma mafi yawansu ba su gan shi ba. Sun ce a ba su hoto guda a wanke da yawa, kowane gida ya rataye. Guda sunka ce. Duk wanda na miƙa, shi ne fuskarsa daga yau, don in na bi ka babu sauran wanda zai ce ba haka yake ba.

Na fito da hotunan biyu na jingina a bango. Kwana huɗu ina zaune gabansu. Nawa shi ne gaskiya, kuma har gobe in anka sake zaman alƙalan nan abin da na faɗa shi zan faɗa. Ka karya ƙa'ida, Altine. Ido ba haske ba ne, ba kuma ƙura ba.

Naka na ba su.

Kada ka yi mini murmushin nan naka. Ba don ka fi ni ba ne. Mai fuskar ya riga ya zaɓa, ni kuwa ban isa in ɗaukaka ƙara a kansa ba. Na dai kafa sharaɗi: kada kwamfutarsu ta taɓa hannuwan. Waɗannan ka bar su yadda suke, da rinin jima da tsagewar farce, kuma da su na gane shi. Ban taɓa yi maka godiyar wannan ba.

Nawa na mayar ɗaki, inda ya ce a ajiye masa.

Allah shi gafarta maka, shi gafarta wa Baba, shi yafe mini ranar da na ce ina da mota a hannu. Malamai sun ce ran tashi kowa zai tashi da jikinsa cikakke. In haka ne, Allah shi haɗa mu mu uku a inuwa ɗaya, in ga ubana da ido biyu, in ji da kunnena kana cewa ka faɗa mini. Zan yi shiru. Ban ce zan yarda ba.

Naka, wanda ya zo na uku,
Bube mai fenti, Ƙofar Rini, Sakkwato.