Sanyin da Ba na Mura Ba

Zuwa ga Shugaban Asibitin Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, kuka na kawo.

Ni matar aure ce daga wajen Karare, ban cika shekara a ɗakina ba. Tun bayan biki nake fama da zafi da ƙaiƙayi a gabana, har kwanciyar aure ta zame mini azaba. A littattafan soyayyar da nake karantawa, likita mace ce ke jan amarya ɗaki, ta rufe ƙofa, ta saurare ta. Da wannan zato na zo asibitinku.

Na ɗaya, wanda ya duba ni namiji ne, teburinsa a baranda, layi a bayana har da maƙwabciyar surukata. Ya ɗaga murya ya tambayi abin da ke damuna. Na ce sanyi, yadda kowace mace a nan take faɗa in ciwon na ƙasa ne. Ko kai bai ɗago ba, ya rubuta mini maganin mura. Na shanye shi tas, don kunya.

Na biyu, da na koma na nemi ganin ma'aikaciya mace, sai aka ce ungozoma ce kawai, ita kuma masu awon ciki kaɗai take gani. Wato sai na yi ciki za a dube ni, alhali ciwon ne ya tsare hanyar cikin.

Na uku, da na rasa mafita, na aika aka sayo mini haɗin mai tallar magani da lasifika a kasuwa. Na yi matsi da shi, ya ƙona ni, har yau da ƙyar nake zama. Amma shi mai maganin dai ya ambaci ciwon mata da bakinsa, abin da asibitinku ya kasa.

Mijina mutumin kirki ne, sai dai ya ɗauka ƙinsa nake yi. Ya daina hira da ni. In ya dawo gona ya ci tuwo, sai ya juya mini baya. Ban san me zan ce masa ba, tunda ni ma ba a faɗa mini sunan ciwona ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ba mu ɗaki mai ƙofa, da mace mai dubawa ko rana ɗaya ce a mako. Kuma in mace ta ce sanyi, a sassauta murya a tambaye ta wane iri.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo. Allah kada ya kai 'yarka gaban wannan tebur.

Wassalam.

Wata amarya daga yankin Batsari