Ni na ƙona kwamfutar yayana, an ɗora wa mai janareta

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Yayana yana da shagon haɗa bidiyon biki da walima a Talata Mafara, ni kuma a gida injiniya ake ce min saboda na ɗan koyi kwamfuta a Gusau. Kwamfutarsa ta yi nauyi, bidiyo ɗaya sai ta wuni tana fitarwa, masu kawo aiki daga Bakura da Maradun suna ta sintiri, sai na ce mu sa mata babban graphics card, katin da ke saurin sarrafa hoto da bidiyo, ni na je na sayo. Mai sayarwar ya ja min kunne cewa katin yana jan wuta sosai, in duba power supply ɗin da ke cikin kwamfutar, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, idan ƙarami ne sai an canza. Na ce masa muna da ƙatuwar stabilaiza. Wallahi a tunanina in dai wutar da ke shigowa shago ta daidaita, magana ta ƙare.

Da na buɗe sai na ga katin yana son fulogi mai rami takwas, tsohon power supply ɗin ba shi da shi. Girman kai ya hana ni cewa ban sani ba, na samo 'yar wayar haɗi na jona da wayar hard disk. Ta tashi lafiya lau, Yaya har yana yabona a gaban mutane. Ranar da ya sa ta fitar da bidiyon wata walimar sauka sai ƙauri da hayaƙi, katin ya tafi, hard disk ya tafi da aikin mutane.

To layin shagunanmu daga janaretan wani dattijo muke shan wuta, aminin marigayi babanmu ne, da janaretan yake ci da iyalinsa. Yaya ya rantse janaretan ne ya kawo wuta da ƙarfi, ya je har rumfarsa ya faɗa masa maganganu. Tsohon bai ce komai ba sai, "In injina na yaj ja maka wagga hasara, ka yahe mani, ɗana." Ina tsaye a wurin, na bar laifin a kansa. Yanzu maƙwabta sun fara cire layinsu daga wurinsa. Na kai kwamfutar wa mai gyara a ɓoye, ya nuna min inda wayar ta narke, daidai wurin da na jona.

Ina jin kunyar kaina, kuma ina tsoron Yaya, yana da zuciya sosai. Jiya bayan la'asar tsohon ya tare ni ya riƙe hannuna, wai tunda ni na san kan na'ura in zo in duba janaretan in faɗa wa mutanen layi gaskiya, duk abin da na ce ya yarda. Na ce masa gobe. Goben ce yau jama'a, Yayana zan fara samu ko tsohon?