Masar Goggo Hauwa

Daren Talata, Nuzla

Ƙafafuna ciwo suke, amma ba su suka hana ni barci ba.

Tun da gwamnati ta fara mayar wa kamfanonin fim wani kaso na kuɗinsu in sun ba mazauna ƙasa aiki, unguwarmu ta samu. Direbobi, teloli, har da ni mai kai wa 'yan fim abincin rana. Sai dai mai iƙama, wato takardar izinin zama, kaɗai suke ɗauka. Ni ina da ita. Goggo Hauwa, da ta zo umra ta zauna, ba ta da ita, kuma ita ce mai girkin. Nawa ɗauka ne kawai.

Yau shugabar aikin ta ci masa da miyar taushe, ta ce, "Wa ya dafa wannan?" Na ce ni ce. Da a nan na tsaya, da da sauƙi, don ambaton Goggo haɗari ne gare ta. Amma da suka soma tafi, sai bakina ya buɗe. Har cewa na yi tun asuba nake gaban tanda. Ni da ko ƙullu ban iya ba!

Na dawo na tarar tana jiƙa shinkafar gobe, yatsunta duk tabon ƙuna.

"Sun ƙoshi dai?" ta ce.

"Sun ƙoshi, Goggo."

"To, halas, shi ke nan. Ga naki nan na rufe miki, na san yau ko zama ba ki yi ba."

Har yanzu kwanon na gabana. Na kasa buɗewa.