Mijina da mayen ƙarfen sifika

Assalamu alaikum 'yan'uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Abin ya fara ne daga wani ƙas da na ji ina wanke-wanke, cokalin shayi ya manne a aljihun rigar maigidana da ke rataye kusa da ni. Na laluba, sai ga mayen ƙarfe, ashe sifikar rediyonsa ya farke ya ciro.

Masunci ne a nan Haɗeja. Bara aka yanke masa ƙari a cinya a Kano, likitoci suka ce suna gwajin wani sabon abu, ya amince. Wani ɗan ƙyalle ne da zarensa ya fi saƙar gizo siranta, an cika shi da magani aka ɗinke a wurin. Sai an kara masa injin maganaɗisu a asibiti ya ɗumama, sannan maganin ya fita kaɗan-kaɗan. Bana ruwa ya cinye hanya, ranar komawarmu ta wuce, ciwo ya taso. Shi ne yake danna mayen ƙarfen a kan ɗinkin, wai ya buɗe maganinsa da kansa. Da kunnena na ji likita ta ce mayen ƙarfen gida ba ya yi. Wurin ya kumbura, har yana ruwa.

Na ɗauke mayen ƙarfen na jefa a rijiya. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi min ba, ranar ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango, haƙorina ya gutsure, ya yi ƙwallo da tukunyar miya. Ya ce na haɗa kai da masu kulle masa magani a cikin namansa su tafi da makulli. Daga nan ya zaro wuƙar gyaran kifi ya fara tsaga cinyar zai ciro ƙyallen, na riƙe kaifin da tafin hannuna, jininmu ya haɗu a tabarma. Sannan ya zauna yana kuka.

Yanzu hanya ta buɗe. Ya rantse in na faɗa wa likita ko Yayansa, a bakin aurena, yana tsoron a cire shi daga gwajin. In na yi shiru ƙafar ce za ta ruɓe. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya ba. In faɗa ko in rufe, ya zan yi?

Ɗazu ina ɗaure hannuna, 'yata ta fari, ba ta ma shiga firamare ba, ta raɗa min: "Umma, na ɓoye wuƙar a buhun gero, kar ki gaya wa Abba."